Wanda Bai Ƙetare Layi Ba

Motar ba ta gama tsayawa ba wayar Maznah ta sake yin ƙara a cikin jaka. Ta san mai kiran. Ta bari sai da ta sauka, ta gyara mayafinta da barcin hanya ya karkatar, sannan ta ɗauka.

"Kin isa?" in ji Ramli, yayanta. Shi gaisuwa a waya ɓata lokaci ce a wurinsa.

"Yanzu na sauka a mararraba."

"To ki bi tsohonmu a hankali. Kada ki taɓa maganar jirgin ruwansa, ki bar min wannan sai na zo jibi. Na sami mai saye. Ɗakin yara kuma mun kwashe, har an sa masa gado."

"Yaya, ka bari in gan shi tukuna."

"Ba kin gan shi ba? Ke kika kira ni kina kuka, ba ni na kira ki ba. Mutum da hankalinsa zai zauna cikin jirgi a ɗaure tun safe har la'asar yana magana shi kaɗai? Haka Kawu Deraman ya fara, ko kin manta? Ana cewa a bar shi, a bar shi, sai da aka tsinto shi a kasuwar wani gari ko takalmi babu."

Ba ta manta ba. Ta ce masa za ta kira shi an jima, ta saɓa jakarta ta kama hanyar da ta gangara Kuala Tiram, garinsu. Tafiyar da ɗan nisa, amma ba ta tsayar da mai babur ba. Tana son ƙafafunta su ja mata lokaci.

Idan aka tambayi Maznah aikinta, takan ce tana ƙidayar jirage, mutane su yi dariya suna zaton wasa take. Ba wasa ba ne. Hukuma ta san yawan kifin da masunta ke kamawa, domin a gabanta ake aunawa. Waɗanda ba ta san nasu ba su ne masu fatsar nishaɗi, mutanen birni da ke kwararowa ƙarshen mako da sandunan da kuɗin guda ɗaya zai gyara rufin gida. Su yi hayar jirgi, rabinsu su yini suna amai, sauran su ɗauki hoto da kifi kamar sun haife shi. Ɗaya-ɗaya dai ba komai ba ne, amma sun yi yawa, kifi kuma yana ja da baya. Shi ya sa aka kafa kyamarori a kan falwayoyi a wuraren da koguna ke shiga teku. Duk wata ana ciro hotunan a aika wani ofishi a Penang, can ɗaya gefen ƙasar. Kwamfuta ta zaɓi wasu ranaku, Maznah ta zauna ta kalle su.

Ɗakin da take aiki ba shi da taga, sanyin na'ura kuma har ƙashi yake shiga, sai da rigar sanyi take zama. Abokan aikinta suna fita gaɓar ruwa su dawo da labari da ƙonewar rana, ita tana nan. A kan hoton an ja wani layi rawaya daidai mashigar teku. Jirgi ya ƙetare shi, ta tsayar, ta duba. Idan raga ta gani, ta danna sana'a. Idan sanduna ne a tsaitsaye, ta danna nishaɗi, ta ƙirga kawuna. Wanda bai ƙetare layin ba, babu ruwanta da shi. Don idonta ya huta ma, takan faɗaɗa wurin layin ya cika allon, sauran hoton ya ɓace a gefe. Da yamma ta sayi shinkafa a ƙunshi, ta hau ɗakinta na haya a saman shagon masu faci, ta ci a gaban talabijin. Aurenta ya mutu da daɗewa, ta kuma daina jin zafin abin. Shirun ɗakin ne dai ba ta saba da shi ba har yanzu.

Da iskar damina ta wuce teku ya kwanta, aka kafa sabuwar kyamara a Kuala Tiram, aka kuma ba ta ita. A daren ta kira mahaifinta, Pak Embong, da murnar ta sami abin faɗa. Tun rasuwar mahaifiyarta hirarsu ta waya ta zama gajera, domin da ma marigayiyar ce mai maganar gidan. Ta ce masa, "Abah, ni aka ba kyamarar garinmu. Yanzu gadarku nake kallo duk yini." Ya ce to, madalla. Bayan nan duk lokacin da ta tambaye shi yaya gari, yakan ce, "Lafiya lau, ai kina gani." Ta ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

Makon jiya ta tarar iska ta ɗan karkatar da kyamarar, dole ta buɗe hoton gaba ɗaya don ta gyara layin. A can ƙasa, a kusurwar hagu, sai ga wani ɗan jirgi shuɗi a ɗaure jikin gadar katakon da jirage ke tsayawa, da tsoho a ciki da farar hula. Ta san jirgin, na mahaifinta ne, ita ta taya fentinsa tana yarinya. Ta koma baya ta buɗe wata rana, yana nan. Ta buɗe wata, yana nan. Yana zuwa bayan fitowar rana da sandar fatsarsa, ya shiga, ya zauna. Jirage suna wuce shi suna fita, suna dawowa suna tarar da shi. Azahar ta tashe shi, ya dawo. Bakinsa kuma yana motsi. Nan take ta kira Ramli, tun kafin ta yi tunanin abin da Ramli zai yi da labarin.

Ramli ba mugu ba ne, mutum ne mai son a gama magana. Shi ne ya matsa wa mahaifin nasu ya jingine raga bayan rasuwar, ya ce ba za a bar tsoho yana jan nauyi shi kaɗai a tsakiyar teku ba. Aka bar masa jirgin da sanda guda, da sharaɗin muddin yana iya kula da kansa zai zauna a gidansa. Yanzu sharaɗin ya karye. Jibi za a sa Pak Embong a mota a kai shi gidan Ramli a Klang, can saman wani dogon bene inda ba a hango komai sai wani benen. Maznah ta san mahaifinta. Ta san ba zai yi gardama ba, kuma ta san ba zai daɗe ba.

Gidansu a rufe ta same shi, an share tsakar gida fes, tsintsiyar a jingine inda mahaifiyarta ke jingine ta. Ta ajiye jakar a baranda ta wuce bakin ruwa.

Rumfar Mak Kiah tana nan a farkon gada, da tukunyar shinkafarta da miyar kifi da butar shayi. Ƙawar marigayiya ce tun suna 'yan mata. Tana hango Maznah ta ajiye ludayi.

"Lale, ga mai gadinmu ta sauko daga falwaya. Zo nan in gan ki. Wannan ramar fa? A Penang ba sa dafa abinci ne?"

Maznah ta durƙusa ta sumbaci hannunta. Kafin ta zauna an riga an tura mata faranti.

"Ci, kada ki ce min kin ƙoshi. Ke kam kin gyara mana gari. Tun da aka ce ke ce a cikin abin can, mazan nan suka daina tsayawa bakin gada suna abin da kika sani. Mijina har taje kai yake kafin ya wuce ta ƙarƙashinsa, kan da ba gashi."

Maznah ta yi murmushi. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga bayanin da tsawo, ta bari. Ta cusa loma biyu don kada a ji haushi.

"Mak Kiah, Abah fa?"

Fara'ar matar ta ragu. Ta nuna ƙarshen gada da haɓa.

"Yana wurinsa."

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun farkon buɗewar teku. Da yana fita, sai muka ga ya daina. Kullum fes da shi, riga a goge kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya tayar da inji ya yi ɗumi, ya kashe, ya zauna."

"Ba wanda ya tambaye shi dalili?"

"Wa zai tambaye shi, Nah? Da sanda a hannu yake zuwa."

Wanda ba ɗan gaɓar nan ba zai ce wannan ba amsa ba ce, amma a wurin 'yan garin amsa ce cikakkiya. Mutum idan ya ɗauki kayan kamun kifi ya nufi ruwa, ba a yi masa magana. Ba a tambayarsa ina za shi, ba a kiran sunansa, ko a dawo lafiya ba a ce masa. Wai kifi yana ji. Malamai sun yi wa'azi a kan haka har sun gaji, liman ɗin kansa kuma ranar da ya ɗauki sandarsa ba ya son a tanka masa. Saboda haka Pak Embong yakan ratsa garin da aka haife shi kowace safiya, ya wuce mutanen da suka yi kaciya tare, kowa ya kawar da kai don girmamawa. Ya zauna a jirgi da sanda a kan cinya, wato har yanzu mai shirin fita ne, har yanzu ba a magana da shi. Maznah kanta, duk kiran da take yi, ba ta taɓa ce masa ka fita yau ba. Da haka aka rene ta.

"A masallaci fa?" ta tambaya.

"Mijina ya ɗan taɓa shi sau ɗaya. Ya ce masa aiki yake yi. Wane aiki, Allah masani." Mak Kiah ta rage murya. "Yaran da ke wucewa sun ce suna jin yana hira. Ni dai na ce ko da uwarki Esah yake yi. Idan da ita ne, a ƙyale shi. Ni ma ina yi da ita wani lokaci."

Maznah ta tashi ba ta gama abincin ba.

Gadar katako ce doguwa, wasu allunan sun saki suna ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Ranar Alhamis ce, jiragen haya da yawa suna ɗaure suna jiran mutanen birni na gobe da jibi. A can ƙarshe falwayar take, da kyamarar a samanta cikin wani farin akwati, ta fuskanci mashiga. Maznah ta yi watanni tana kallon duniya ta cikin abin nan, amma yau ta fara ganinsa da idonta. Ƙarami ne ƙwarai, tsuntsaye sun ɓata masa kai.

Jirgin shuɗi yana ƙarƙashin falwayar, ɗan gaba kaɗan. Ba nan ne mazauninsa na da ba, da can kusa da rumfar Mak Kiah ake ɗaure shi. Mahaifinta ya ba ta baya, ya ɗaga kai sama. Rigar da ke jikinsa ita ta aiko masa da ita da Sallah. Ta tsaya daga nesa kaɗan, ta rasa yadda za ta yi, domin sandar tana kan cinyarsa. A tsayen nan ne iska ta kawo mata muryarsa.

"...mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya bana kamar zai karye, jemagu ne ke shanyewa. Da uwarki tana nan da ta sa na lulluɓe shi da tsohuwar raga. Na ce bari dai in bar musu, su ma bayin Allah ne." Ya gyara zama. "Kin karya kuwa, Nah? Na san halinki, sai ki sha shayi ki ce kin ci abinci. Tashi ki nemi wani abu, ina nan, ba inda za ni."

Maznah ta dafa turken da ke kusa da ita. Ta dubi ƙeyar mahaifinta, ta dubi farin akwatin da yake yi wa magana. Duk "ai kina gani" ɗin da ya yi ta faɗa mata suka dawo mata a tare. Kunya ce ta fara kama ta, kafin tausayi.

"Abah," ta ce.

Ya juyo a hankali, irin juyowar wanda aka yi wa abin da ba a yi. Ya gan ta. Ya ɗaga kai ya dubi kyamarar, ya sake dubanta.

"To wa kika bar wa aikin?"

Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta tare. Ya miƙo hannu.

"Shigo. Taka tsakiya, kada ki kifar da mu a gaban mutane."

Ta shiga, ta sumbaci hannunsa, ta zauna a allon da ke fuskantarsa. Jirgin a tsabtace yake, igiyoyi a naɗe, ga butar shayi da kofi ɗaya. Idanunsa garau, babu alamar ruɗewa. Ya ƙare mata kallo ya ce ta rame, ta ce Mak Kiah ta riga shi faɗa.

"Abah, me ya sa ka daina fita?"

Ya ɗan ɓata fuska saboda tambayar, ya dubi sandarsa, sannan ya ɗauke ta ya kwantar a gefe. Tunda an riga an ɓata ranar, ba sauran abin kiyayewa.

"Da ina fita. Sai na lura, daga nan zuwa mashiga ai ba nisa. Kafin ki ɗago kai na wuce, sai kuma yamma ki ga na shigo. Na ce yarinyar nan tana can a ɗaki ita kaɗai, ba taga, ba kowa, tana kallon jiragen mutanen da ba ta sani ba tun safe har dare. Kifin me zan kama da ya fi? Ni ɗaya ne, kifi ɗaya ya ishe ni, Kiah ma tana ba ni. Na ce bari in zauna mata."

Ya faɗi haka ne ba tare da wani nauyi ba, yana zuba mata shayi a kofinsa.

"Ai ke ba kya faɗa," ya ci gaba. "Ko a waya sai lafiya lau, lafiya lau. Amma muryar wanda yake cin abinci shi kaɗai daban take. Na san ta."

Maznah ta riƙe kofin da hannu biyu. Ta zo ne da shirin lallashin tsohon da kaɗaici ya taɓa wa hankali, sai ta tarar shi ne yake jinyar nata kaɗaicin. Abu mafi sauƙi shi ne ta ce na gode Abah, ina ganinka kullum. Zai ji daɗi, ita ma ta huta. Gobe kuma ya dawo ya zauna a nan, jibi Ramli ya zo ya same shi a jirgi a ɗaure yana hira da falwaya, ya sa shi a mota.

"Abah, zan gaya maka yadda abin nan yake aiki."

"Ina ji."

"Ba a take nake gani ba. Sai an tara na wata guda ake aiko min. Kuma ba duk ranaku nake kallo ba, kwamfuta ce ke zaɓa."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To. Ko daga baya ne ai kin gani."

"Akwai layi da aka ja a mashiga. Can kawai nake dubawa. Wanda ya ƙetare shi nake gani in ƙirga. Nan inda kake zama, a gefe yake, ina rufe shi." Ta sunkuyar da kai. "Sai makon jiya na gan ka."

Wani jirgi ya wuce ta gefensu, ruwan da ya tayar ya ɗaga nasu ya sauke. Pak Embong ya kai hannu ya riƙe butar shayin kada ta faɗi. Bai saki ba har bayan ruwan ya kwanta.

"Makon jiya," ya ce.

"E."

"Ranar da na ɗaga miki ƙatuwar ƙaguwar da ta maƙale a igiya fa?"

Ta girgiza kai.

"Maganar kuma?"

"Ba ta ɗaukar magana, Abah. Hoto kawai."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Ta ga ya shafa gaban rigarsa, wurin da ya goge da kyau, kamar yanzu ya lura da ita. Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi, amma shi ba mai faɗa ba ne.

"Me kake gaya min?" ta tambaya. "Gaya min yanzu, ga ni."

"Na riga na faɗa," ya ce. Ba da fushi ya faɗa ba. Can ya ƙara, "Wasu ma gara da ba ki ji ba. Da mun haɗu sai in rasa inda zan sa idona."

Ta ajiye kofin. Sauran maganar ta fi wuya, amma ta riga ta fara.

"Da na gan ka, na tsorata. Na ɗauka irin ta Kawu Deraman ce. Na kira Yaya Ramli. Jibi zai zo ya tafi da kai Klang. Ya sami mai sayen jirgin."

"Ke kika gaya masa."

"Ni ce."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Na zauna don 'yata ta gan ni. Ta gan ni sau ɗaya, ta ce na haukace."

Ba ta nemi kare kanta ba. Ruwa yana ta bugun cikin jirgin. A kan gada wani mutum ya zo wucewa, ya ga tsohon da baƙuwa, ya buɗe baki zai gaisa, idonsa ya faɗa kan sandar, ya kawar da kai ya wuce.

"Wannan layin naki," in ji Pak Embong daga baya, "a ina yake daidai?"

Ta nuna masa. "Daga wancan dutsen zuwa jan turken can."

"Duk wanda ya ƙetare sai kin tsaya kin dube shi?"

"Dole. In tsayar da hoton, in duba kayansa, in ƙirga mutanen ciki."

"Fita da shigowa?"

"Fita da shigowa."

Ya yi ɗan lissafinsa a zuci. "Sau biyu a rana ke nan. Ya fi babu." Ya dube ta ta gefen ido. "Ni a wane gida kike sa ni?"

"Gida biyu ne. Mai raga, sana'a. Mai sanda..." Ta yi jinkiri.

"Faɗi mana."

"Nishaɗi."

"Nishaɗi," ya maimaita, yana ɗanɗana kalmar kamar kifin da ya kwana. "Tun ban yi gemu ba nake cikin tekun nan, da shi na aurar da ku, yau an haɗa ni da masu amai. Allah ya isa tsakanina da Ramli."

Wannan karon dariyar ta fito mata sosai, shi ma gefen bakinsa ya motsa. Ya tashi tsaye a cikin jirgin ba tare da ya dafa komai ba, ya taka zuwa baya, ya ja igiyar inji. Bugu ɗaya ya tashi.

"Kwance mu," ya ce.

Ta miƙa hannu ga igiyar da ke jikin gada. Ƙullin ya daɗe ba a taɓa shi ba, gishiri ya busar da shi ya yi tauri, sai da ta karya farce kafin ya saki. Jirgin ya ja baya, ya juya hancinsa. Daga rumfa Mak Kiah ta fito ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsu. Ba ta ce komai ba, ba ta ɗaga hannu ba, kamar yadda ya kamata.

Suna tsakiyar kogi wayar ta yi ƙara. Maznah ta ɗauka ta buɗe muryar yadda zai ji.

"Kin gan shi? Yaya jikin nasa?" in ji Ramli. "Wannan ƙarar ta mece ce? Ina za ku?"

Pak Embong ya sunkuyo daga wurin inji.

"Kai Ramli, a gidan wa ka tashi? Ana tambayar mutum ina za shi?"

Maznah ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Yaya, ka ba mai sayen nan haƙuri," in ji Maznah. "Ka mayar wa yara ɗakinsu. Idan za ka zo jibi ka zo, akwai mangwaro. Zan yi maka bayani."

Ta kashe kafin ya tattaro abin cewa. Ta san maganar ba ta ƙare ba, Ramli zai kira ya sake kira. Amma ya ji ƙarar injin, ya kuma ji muryar da ta yi masa tsawa, waɗannan ba ya iya musunsu.

Ruwan ya fara sauya launi, iska ta ƙaru. Ga dutsen a dama, ga jan turken a hagu. Babu wani layi a kan ruwa, amma Maznah ta san daidai inda yake, ta ji a jikinta sa'ad da hancin jirgin ya taɓa shi. Nan mahaifinta ya rage wuta. Ya juya ya fuskanci gada, inda falwayar ta zama 'yar siririya daga nesa. Ya gyara hularsa, ya ɗaga hannu sama sosai, ya riƙe shi a haka.

"Abah, ga ni nan a gabanka."

"Na sani," ya ce, bai sauke hannun ba. "Wannan na idan kin koma ne."

Jerin ranakun da kwamfuta ta zaɓa na watan nan tun farkon wata aka ba ta shi, kuma yau ba ta ciki. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta rufe. Ta tuna ɗakin, da sanyinsa, da matar da za ta zauna a ciki wata mai zuwa da rigar sanyi da shayin da ya huce. Ba wanda ya hana ta buɗe ranar da ba a zaɓa ba.

Ta matsa kusa da shi yadda za su fito tare, ita ma ta ɗaga nata hannun.